Haihuwa a kan siminti: shari'ar matar Bungoma da yadda kukanta ya isa kunnen alƙali

A watan Agusta na 2013 wata mata mai tsohon ciki ta shiga babban asibitin Bungoma, a yammacin Kenya kusa da iyakar Uganda. Takardun kotu sun saya sunanta da haruffan J.M., ni ma haka zan kira ta. Lokacin haihuwarta ya yi, likita ya ce a kwantar da ita a tayar mata da naƙuda. Wata biyu kacal kafin nan, ranar 1 ga Yuni, Shugaba Uhuru Kenyatta ya yi shelar cewa haihuwa ta zama kyauta a duk asibitocin gwamnati. Duk da haka sai da ta sayi audugarta da maganin tayar da naƙudar da kuɗinta. Gado ma bai wadata ba, da wata matar suka raba guda.

Duk wadda ta taɓa zaman jinyar mai haihuwa ta san cewa naƙudar da aka tayar da magani tana buƙatar ido. Ana zuwa a duba mai ciki lokaci zuwa lokaci, a saurari bugun zuciyar jariri, a ga yadda ƙofar mahaifa take buɗewa, domin maganin yakan sa ciwo ya zo da ƙarfi ba sallama. J.M. ba wanda ya duba ta. Abin da aka gaya mata shi ne in ta ji abin ya taho, ta tashi da ƙafarta ta tafi ɗakin haihuwa.

Da ciwon ya kankama ta kira, ba wanda ya zo. Ta lallaɓa ta isa ɗakin haihuwa, ta tarar kowane gado da mai shi. Ta juyo za ta koma inda ta fito, ƙarfinta ya ƙare a hanya, ta faɗi a baranda, ta haihu a kan siminti, hankalinta ya gushe. A nan nas biyu suka same ta. Suka rufe ta da faɗa da mari, laifinta shi ne ta ɓata musu ƙasa. Sannan aka umarce ta ta tashi ta taka zuwa ɗakin haihuwa, mabiya ba ta ma faɗo ba tukuna, kuma ba wanda ya kama mata hannu.

Wani da ke wurin ya ɗauki abin da wayarsa. Hoton ya kai gidan talabijin, ƙasa ta gani. Ita kanta J.M. ba ta san iyakar abin da aka yi mata ba sai da ta kalli bidiyon, saboda a lokacin tana tsakanin suma da farfaɗowa.

Wannan gaɓar ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai a duk labarin. Ana yawan gaya wa marasa lafiya su san haƙƙinsu, su buɗe baki su yi magana. Maganar gaskiya ce, amma wane baki mace za ta buɗe tana kwance a ƙasa cikin jini? Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya bi haihuwa a asibitocin Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar. A ƙasashe ukun farko an zauna an kalli haihuwar mata 2,016 ido da ido, aka ga sama da kashi 40 cikin ɗari sun sha duka ko zagi ko ƙyama. An kuma gano cewa cin zarafin ya fi tsananta daga minti 30 kafin jariri ya fito zuwa minti 15 bayan fitowarsa, kuma ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba su suka fi shan sa. Wato ana cin mutuncin mace ne daidai lokacin da ba ta da ƙarfin ɗaga yatsa. Don haka maganar taimaka wa mara lafiya ya mayar da martani dole ta fara daga mutumin da ke gefensa, mai jinya ne, ko ɗalibar da ke koyon aiki, ko matar gadon kusa.

Abin da ya sa aka kai nan

Ba zan wanke nas ɗin nan ba, amma wanda ya ce matsalar mugun halin mutum biyu ce kawai bai kalli asibitin da kyau ba. A 2013 abubuwa biyu suka faɗo wa asibitocin Kenya a tare. Kundin tsarin mulki na 2010 ya raba ƙasar gunduma 47, kuma a 2013 ne aka miƙa wa gundumomin ragamar asibitoci, alhali yawancinsu ba su gama kafa ofisoshinsu ba. Sai kuma shelar haihuwa kyauta ta kwararo da mata asibiti, ba a ƙara gado ba, ba a ƙara ungozoma yadda ya kamata ba. Ungozoma ɗaya da mata da yawa a kanta cikin dare, ba safar hannu isasshiya, ba auduga, takan fara ganin kowace mai naƙuda a matsayin ƙarin wahala. Daga nan tsawa take zama yaren aiki, ƙanana su koya daga manya, har a daina jin ta a matsayin laifi.

Kuma ba a ranar aka fara sanin haka a Kenya ba. Tun 2007 ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kenya da Cibiyar Kare Haƙƙin Haihuwa mai hedikwata a New York suka fitar da rahoto kan yadda ake wulaƙanta masu haihuwa. Wani aikin bincike mai suna Heshima, kalmar Swahili mai nufin girmamawa, ya tambayi mata 641 a asibitoci 13 suna fitowa daga haihuwa, ɗaya cikin biyar ta ce an ci mutuncinta. Bayan an horar da ma'aikata, an ba su damar fitar da nasu damuwar, an buɗe hanyar sasanci tsakanin asibiti da jama'ar gari, adadin ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari. Bai ƙare ba, amma ya nuna abin yana jin magani.

Daga bidiyo zuwa kotu

Bidiyo kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Jama'a su yi surutu kwana uku, wani sabon labari ya zo ya rufe shi. Abin da ya bambanta lamarin J.M. shi ne lauyoyin Cibiyar Kare Haƙƙin Haihuwa sun ɗauki shari'arta, suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Bungoma a 2014, suka haɗa da babban lauyan gwamnati, da gwamnatin gundumar, da hukumomin lafiya, da asibitin.

Dabarar da suka bi ta cancanci a tsaya a kanta. Hanyar da aka saba ita ce ƙarar sakaci: a ce likita ko nas sun kauce wa ƙa'idar aiki, kuma kaucewar ta jawo rauni. Wannan hanya tana da wuya. Sai ka samo wani likita da zai tsaya ya ba da shaida a kan abokin aikinsa, sai kuma ka nuna rauni a jiki wanda za a iya aunawa. Mari ba ya barin tabo, zagi ba ya fitowa a hoton asibiti. Lauyoyin sai suka gina ƙarar a kan tsarin mulki. Sashe na 28 ya ce kowane mutum yana da mutuncin da dole a kiyaye. Sashe na 29 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 43 ya ba kowa haƙƙin samun mafi ingancin kulawar lafiya da za a iya samarwa, ya kuma ambaci lafiyar haihuwa da sunanta. Da wannan ginin, tambayar da ke gaban alƙali ta koma: shin abin da aka yi wa matar nan ya dace a yi wa ɗan Adam?

Suna da tsani da suka taka. A watan Satumba na 2015 Babbar Kotu a Nairobi ta yanke hukunci kan wasu mata biyu da aka tsare a asibitin haihuwa na Pumwani saboda sun kasa biyan kuɗi, ta ce tsarewar ta saɓa wa tsarin mulki, ta ba su diyya. Kotunan Kenya sun riga sun fara yarda cewa ƙofar asibiti ba ta hana tsarin mulki shiga.

Ranar 22 ga Maris 2018 Mai Shari'a Abida Ali-Aroni ta yanke hukunci. Ta ce an tauye wa J.M. haƙƙinta na kulawar lafiya, an keta mutuncinta a matsayinta na mace kuma ɗan Adam, an yi mata abin da ya kai wulaƙanci da rashin tausayi. Ba ta tsaya kan nas ɗin ba, ta ɗora alhakin sakacin a kan gwamnatin ƙasa da ta gunduma saboda gazawarsu wajen samar da kulawa mai inganci da aiwatar da ƙa'idojin da suka rubuta da hannunsu. Ta ba da diyyar shilin miliyan 2.5, kimanin dala dubu 25 a canjin lokacin. Sannan ta yi umarni da abin da a ganina ya fi kuɗin nauyi: hukumar lafiyar gundumar, da asibitin, da nas uku da aka ambata a ƙarar, su nemi gafararta a hukumance.

Masu taimaka wa wanda aka zalunta sukan manta su tambaye shi me yake so. Lauya yana hango diyya, ɗan jarida yana hango labari, miji yana so a kori wadda ta mari matarsa. Sau da yawa ita matar abin da take nema shi ne wani mai mulki a wurin ya dube ta ya ce abin da aka yi miki ba daidai ba ne, ba ke ce da laifi ba. Wadda aka zaga saboda ta haihu a ƙasa takan koma gida da kunyar a ranta, tana ganin ko ita ce ta yi wauta da ba ta daure ta isa gado ba. Neman gafara a rubuce yana sauke wannan kayan daga kanta ya mayar da shi inda ya fito.

Bidiyon kuma takobi ne mai kaifi biyu. Shi ya hana a ƙaryata ta, shi kuma ya kai mafi tsiraicin lokacin rayuwarta gaban idon ƙasa baki ɗaya, ba tare da an nemi izininta ba. Ba zan shawarci kowa ya shiga ɗakin haihuwa yana ɗaga waya ba. Akwai wasu matan a ɗakin da ba su da hannu a rigimar, su ma suna da sirrinsu. In har an ɗauki wani abu, mai shi ita ce wadda aka ɗauka, ita za ta ce a kai wa lauya ko a goge, kuma Facebook ba wurinsa ba ne.

Abin da mai taimako zai ɗauka daga nan

Na taɓa zaman jinyar wata 'yar uwata a wani asibiti da ba zan ambata ba. Tsakar dare ruwan da aka ɗaura mata ya ƙare, jini ya fara hawa robar. Na je teburin nas sau biyu, ana ce mini ana zuwa. A karo na uku na tsaya na ce, "Sista, sannu da aiki, na san ke kaɗai ce. Gado na shida ruwa ya ƙare tun ƙarfe ɗaya da kwata, yanzu biyu saura. In hannunki a cike yake, wa zan kira?" Ta ɗago ta dube ni, ta tashi. Ban fi sauran masu jinya wayo ba. Na dai ambaci gado, na ambaci lokaci, ta gane akwai mai lissafi a ɗakin, kuma ban ba ta abin da za ta riƙe ta ce na zage ta ba.

A lokacin da abin ke faruwa, burin farko shi ne mara lafiya ya sami kulawa, hisabi ya biyo baya. Mai jinya ya nemi shugabar sashen, wadda ake kira metiron, ko likitan da ke kan aiki. Zagi da cin kwala suna ba da akasin abin da ake nema. A Najeriya ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba ma'aikaci damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu, kuma da zarar an yi dambe labarin ya tashi daga an wulaƙanta mara lafiya ya koma 'yan uwa sun daki nas.

Bayan ƙura ta lafa sai rubutu. A ranar, kafin mantuwa ta shiga, a rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da wane ɗaki, da wane gado, da kalmomin da aka faɗa yadda aka faɗe su. In ba a san sunan ma'aikaciyar ba, lokacin da take kan aiki ya isa, domin kowane sashe yana da jadawalin masu aiki. A karɓi lambar wayar matar gadon kusa tun kafin a sallame ta, don ita ce shaida. A adana kati, da rasit na duk abin da aka saya, da takardar sallama. Wadda ba ta iya rubutu ba ta yi magana a waya a naɗa, ko ta faɗa wa ɗanta ya rubuta da Hausa ko da ajami, duk shaida ce. Dubi yadda sayen auduga, abin da kowa zai raina, ya shiga cikin hujjojin J.M., saboda ya nuna alkawarin kyauta bai isa ɗakin ba.

Dalilin da ya sa labarin Bungoma ya shafe mu a fili yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti a lokacin, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Nisa da kuɗi da al'ada suna da nasu kason, amma duk wanda ya zauna da mata a gidan suna ya ji ɗaya dalilin: wadda aka yi wa tsawa a haihuwar fari, aka ce mata lokacin da take jin daɗinta ba ta kira kowa ba, ba ta komawa a ta biyu, kuma takan hana ƙanwarta zuwa. Mu kuma da kunya da kawaici aka rene mu, mai haihuwar fari ko ƙara ba a so ta yi. In ta dawo ta faɗi abin da aka yi mata, amsar da take samu ita ce, "Ki yi haƙuri, tunda kin sauka lafiya ai shi ke nan." Haƙuri da ƙaddarar ciwo abu ne mai kyau. Mari kuwa ba ciwo ba ne, hannun mutum ne, kuma hannun yana nan yana jiran ta gaba.

Hanyoyin kai kuka suna nan, ko da yake ba kowa ya san su ba. Sashe na 30 na dokar 2014 ya ce kowa yana da damar kai ƙorafi kan yadda aka yi da shi a asibiti kuma a bincika, ya ce a manna tsarin kai ƙorafin inda mai shigowa zai gani. Sashe na 20 ya hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A watan Yuli na 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC a yanzu, take kula da shi. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM, inda ake karɓar ƙorafi kan aikin gwamnati. Ƙorafi kan likita yana zuwa Majalisar Likitoci ta MDCN, wadda ke buƙatar a kawo shi cikin takardar rantsuwa, na nas da ungozoma kuma yana zuwa tasu majalisar. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko FIDA reshen Najeriya. Takardar ƙorafi a yi ta kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin an karɓa a dawo da ita gida. Ƙorafin baki iska ke ɗauke shi.

Akwai bambanci ɗaya da lauya zai lura da shi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa maganar lafiya a babi na biyu, cikin manufofin da ba a kai gwamnati ƙara a kansu kai tsaye, saɓanin na Kenya. Amma sashe na 34, wanda ya kare mutuncin ɗan Adam ya hana wulaƙanci, yana cikin haƙƙoƙin da kotu ke tilastawa, kuma rabin ginin shari'ar J.M. a kan irinsa ya tsaya. Sai dai a yi hanzari, domin dokar kare jami'an gwamnati takan taƙaita wa'adin shigar da wasu ƙararraki zuwa wata uku.

Yawancin lamurra ba za su kai kotu ba, kuma ba dole su kai ba. Zama ɗaya da shugaban asibiti, da metiron, da wadda ta yi laifin, a gaban wani dattijo ko wata shugabar mata da ɓangarorin biyu ke jin nauyi, yakan samar da neman gafarar da J.M. ta jira shekara kusan biyar kafin kotu ta umarta. Wanda zai raka mace wannan hanya ya gaya mata gaskiyar tsawonta tun farko, ya kuma bar mata ikon cewa ta gaji. Tana da jariri a hannu, tana da miji da surukai masu nasu ra'ayin, kuma wataƙila asibitin da take ƙara shi kaɗai ne a garin, can za ta koma ranar da yaron ya yi zazzaɓi. Wannan tsoron na gaske ne, shi ya sa ƙorafin da mata biyar suka sa wa hannu tare, ko wanda kwamitin lafiya na unguwa ya ɗauka, ya fi na mutum ɗaya kariya.

A Bungoma ma hukuncin 2018 bai rufe maganar ba. Gwamnatin gundumar ta ɗaukaka ƙara. Sai ranar 23 ga Fabrairu 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Kisumu ta yi watsi da ƙarar ta tabbatar da hukuncin farko, ta kuma ce kula da mai haihuwa cikin mutunci yana cikin mafi ƙarancin abin da ke kan gwamnati, wanda ba a jingine shi da hujjar ƙarancin kuɗi. Ana iya cewa babu kuɗin ƙara gado, amma ba a buƙatar kasafi kafin a fasa marin mace. A ranar da aka karanta wannan hukunci, yaran da aka haifa a asibitin Bungoma cikin watan da J.M. ta faɗi a baranda sun cika shekara goma da rabi.